Farin Bangon da Ya Koma Shuɗi

Akwai ranar da shekaru suka kasa goge mini ita, ranar da na miƙa wa Malam Ɗahiru guntun alli a ƙofar wani tsohon soro a Malumfashi, na tambaye shi launinsa. Ku malaman da kuka zo bayanmu kun sha mamakin yadda nake yin gum idan aka ce zanena ya yi kyau. Wasunku sun ce girman kai ne. Na ji, don ba ku iya raɗa ba. To ga dalilin, sai ku yanke mini hukunci da hujja.

A ƙarshen shekarun saba'in aka turo ni wannan kwaleji ta horon malamai da ke gefen Funtuwa, ina ƙaramin malami mai koyar da zane. Lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna, daga can ake turo mu, daga can kuma kayan aiki ke zuwa idan sun ga damar zuwa. Ni mutumin wajen Gozaki ne, iyayena Kiristoci manoma. Matata da yara suna can gida tare da mahaifiyata, saboda ɗaki guda aka ba ni a gidajen malamai. Ni kaɗai ne malamin zane a makarantar. Darasina ne na ƙarshe a jadawali, kuma duk ranar da malamin lissafi ya makara da aikinsa, nawa lokacin ake yanka masa. Wurin aikina wani tsohon sito ne a bayan ɗakin karatu, mai taga ɗaya da ke kallon gonar auduga.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'ar ba bayani kaɗan. Fentin mai ba irin fentin ruwa ba ne da yara ke wasa da shi. Daga Zariya muke sayo shi a 'yan ƙananan matse-matse, muna lallaɓa shi kamar magani. Kyallen da ake zanen a kai ni nake haɗawa: in ja akoko a jikin katako, in shafe shi da gam da farin fenti, in bar shi ya sha iska. Zanen kansa hawa-hawa ake yi, kowane shafi sai ya kwana biyu kafin ya karɓi na gaba. Mutum yakan yi wata guda yana kallon bango ɗaya, har idonsa ya saba da kuskurensa ya daina ganinsa. Shi ya sa mai wannan aiki ba ya rabuwa da buƙatar ido na biyu.

Ni kuwa ba ni da shi. Duk wanda ya leƙo siton sai ya ce, "Kai, kamar hoto! Ya yi kyau." Shugaban makaranta haka, masinja haka, limamin cocinmu haka. Wata rana da gangan na jingine zane kai a ƙasa, aka shigo aka ce ya yi kyau. Daga nan na daina nunawa.

Malam Ɗahiru na haɗu da shi a wajen duba jarrabawar ɗalibai. Ƙa'ida ita ce a tara malaman zane na shiyya wuri ɗaya su ba da maki tare. Aka tara mu a Malumfashi, sai ga shi mu biyu ne kacal. Shi babban malami ne a wata makarantar can, dogon mutum ɗan Musawa, ya girme ni nesa ba kusa ba, ba ya dariya sai abu ya kai a yi. Na tafi da wani zanena na rumbun kaya na tashar jirgin ƙasa, wanda nake ji da shi ƙwarai. Bayan mun gama aiki na kwance shi na nuna masa. Ya daɗe yana kallo.

"Malam Bitrus, da safe ka zana wannan ko da yamma?"

Na ce da safe.

"To bangon na safe ne, inuwar ta yamma ce. Sai ka zaɓi ɗaya. Kuma ƙofar nan in ka tura ta ba za ta buɗe ba, ta fi raminta faɗi."

Na naɗe kayana ban ko yi sallamar kirki ba. A cikin mota ina ta huci, ina tsara amsoshin da ya kamata in ba shi. Sai da muka kai Bakori na lura da wani abu: tun da na fara wannan aiki, ranar ce rana ta farko da wani ya tsaya ya kalli abin da na yi. Na shiga Funtuwa ina murmushi ni kaɗai, har kwandasta na kallona.

Daga nan muka kafa al'ada. Asabar ta ƙarshen wata, tunda Juma'a tasa ce, Lahadi tawa. Wannan wata ni in je, wata mai zuwa shi ya zo. Zanen da bai gama bushewa ba mukan haɗa fuskarsa da wani kyallen, mu sa guntayen kara a kusurwoyi don kada su manne, mu ɗaure, mu rungume a cikin motar haya. Shi ya kafa dokokin. Zane yana jingine yana kallon bango har sai an ci abinci, don a cewarsa mai jin yunwa ba ya adalci. In an juyo shi, mai zanen ya ja bakinsa ya yi shiru. Mai dubawa kuma an haramta masa kalma ɗaya: "ya yi kyau".

Shi ba ya zana mai rai, saboda abin da ya fahimta a addininsa, don haka ya zuba basirarsa duka a gine-gine. Shi ya ja ni cikin tsohon gari, ya koya mini kallon zaure da soro, da zanko a saman gini, da azara, da indararo, da yadda ruwan sama ke barin sawunsa a jikin bango. A shekarun nan kuɗin auduga da na gwamnati sun shigo, kowa na rushe ginin ƙasa yana sa bulo da kwano. Yakan ce mu yi sauri, gari na tserewa. Na fi shekara uku ina rayuwa daga wannan Asabar zuwa waccan, ban ɓoye muku ba. Sauran kwanakin wata jira ne kawai.

A farkon shekarun tamanin muka ji cewa magada za su rushe soron gidan wani tsohon madugu a cikin Malumfashi. Gini ne mai hawa biyu, an shafe fuskarsa da farar ƙasa, ga dakali dogo a gaba. Muka yi shawara kowa ya zana shi, mu kwatanta.

Da na kai nawa karo na farko, Malam ya duba ya ce, "Ginin ya tsaya. Amma farar ƙasarka ta yi rawaya. Sa mata shuɗi kaɗan ta huce."

Wannan magana ce ta masu aiki, domin fari tsantsa ba ya zama a zane sai an ɗan karya shi. Na koma na sa. Wata ya zagayo, ya zo Funtuwa, ya ce har yanzu da saura. Na ƙara. Wata na uku ya ɗan yi fushi.

"Bitrus, kunnenka lafiya? Bangon nan kamar an shafa masa man shanu."

A ranar ne ya juyo nasa. Fuskar soron ta yi shuɗi sosai, kuma gefen zankayen da a da yake fitarwa kamar an yanka da wuƙa ya yi laushi. Na bi dokarmu, na ce, "Malam, shuɗin ya yi yawa." Ya dube ni ya ce idona ne bai nuna ba tukuna, in na kai shekarunsa zan gane. Na karɓi maganarsa, domin sau nawa ya faɗi abin da na ƙi, daga baya na ga gaskiyarsa?

Nan ne na san mutum biyu ba su isa ba. Ido biyu sun saɓa, babu na uku da zai raba. Na ɗauki zanena na shiga ofishin shugaban makaranta.

"Ranka ya daɗe, don Allah dubi bangon nan. Wane launi ka gani?"

"Kai, Malam Bitrus! Kamar in buɗe ƙofar in shiga. Ya yi kyau."

"Launin fa, ranka ya daɗe?"

"Ai ku ne masana," in ji shi, ya koma kan takardunsa.

Da aka ba da hutun tsakiyar zango, sai na hau mota zuwa Malumfashi ban gaya wa Malam ba. Na je ƙofar soron da hantsi, na jingine zanena a kan dakali, na ja da baya. Bangon madugu fari ne tas, har da ɗan ɗumin rana a jikinsa. Nawa kuwa kamar rigar da aka cika wa bula. Ba rawaya a cikinsa ko ɗigo.

Na zauna a dakalin, abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Yadda ya fara kare ido da tafin hannu in mun fito rana. Yadda yake ƙorafin cewa an daina iya wanki a gidansa, fararen rigunansa duk sun dafe. Yadda ya taɓa wuce ni a tasha sai da na kira sunansa. Kakata ta yi yanar ido kafin ta rasu, ita ma haka ta fara, tana faɗa da kowa wai an bar hayaƙi a ɗaki. Duniyar Malam ce ta yi rawaya, shi ya sa yake ta zuba mata shuɗi, kuma ya sa ni ma na zuba.

Na san mutumin da nake hulɗa da shi. Ba zai ɓoye ba. In na faɗa masa, da ƙafarsa zai je wa shugabansa, shi kuma ya rubuta wa ma'aikata, a tura shi gaban kwamitin likitoci. Malamin zane da ba ya rarrabe launi ba a barinsa a aji, ritaya ake yi masa ya koma garinsu. Ni kuma in koma sitona, ni da taga da gonar auduga. In kuma na yi shiru, Asabar ɗina na nan, tuwon gidansa na nan, hirarmu na nan. Zan riƙa cewa "to, Malam" in na dawo in yi abin da na ga dama. Wato in mayar da shi abin da kowa ya mayar da ni.

Makonnin da suka rage kafin ƙarshen wata ban taɓa buroshi ba. Ina shiga siton in zauna in fito. Tsoro nake ji, kuma ba tsoron fushinsa ba. Kaɗaicin da na baro a baya nake tsoro, don na san ɗanɗanonsa.

Asabar ta zo, zuwan nasa ne, amma na aika masa cewa ni zan je. Na buɗe sabon kwalin alli a ɗakin malamai na zari ɗaya na sa a aljihu. Bayan mun ci abinci, ya miƙa hannu zai juyo zanena, na ce, "Malam, yau a gaban ginin nake so a duba." Ya ce na cika fitina, amma ya sa hula muka tafi.

Na jingine zanen a dakali kamar wancan karo. Na ce ya dubi bangon madugu ya faɗa mini launinsa.

"Farar ƙasa ce da ta tsufa, ta yi rawaya. Wannan ai ba tambaya ba ce."

Na ciro allin na sa masa a hannu. "Wannan fa?"

Ya kai shi kusa da fuska. "Shi ma ya kwana biyu a sito. Ya dafe."

"Yau da safe na buɗe kwalin, Malam." Na karɓa, na karya shi biyu, na mayar masa. "Dubi cikinsa."

Mutumin da ya yi rayuwarsa da alli a hannu ya san cikin alli ba ya tsufa. Ya kalli guntun, ya ɗaga shi sama, ya juya wa rana baya ya sake kallo. Ya rufe ido ɗaya, ya rufe ɗayan. Sannan ya zauna a dakalin a hankali, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Masu wucewa suna gaishe shi yana amsawa da kai. Ni ina tsaye, ban san inda zan sa idona ba.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Ina jin tun bara da damina. Ban tabbatar ba sai kwanan nan."

"Kuma ka bi maganata ka zuba wa naka shuɗi?"

"Na bi, Malam."

"Sakarai," ya ce, amma muryar ba ta faɗa ba ce.

Na shirya wa fushi, na shirya wa musu, har na shirya ya ce kada in ƙara taka gidansa. Ya daɗe yana juya guntun allin a yatsunsa, sannan ya ɗago ya dubi wajen da nake.

"To yanzu, Bitrus, wa zai riƙa duba maka?"

Na juya na yi kamar ina ɗaure zanen, don kada mutanen unguwa su ga ƙato yana hawaye a bakin titi.

Komai ya tafi yadda na zata. Ranar Litinin ya je wa shugabansa. Kafin ƙarshen shekarar karatu an kira shi Kaduna, likitoci sun duba, an sallame shi. Ya kwashe iyalinsa ya koma Musawa. Daga baya aka yi masa aiki a wani asibitin ido a Kano, ɗaya ya buɗe, ɗayan bai yi ba. A makarantarsa ba a turo wani malamin zane ba, aka ba malamin aikin gona darasin ya riƙe.

Na je gaishe shi bayan kaka, ranar kasuwar garin, da sabon zane a hammata. Na same shi a zaure da wani tabarau mai kauri, ana auna masa dawa. Ya yi murna da ganina ƙwarai. Ya ce ranar da aka kwance masa ido ya dawo gida ya sa aka fito da zanukansa na baya-bayan nan, ya kalla, ya ce, "Ashe rini na koma yi ban sani ba." Muka yi dariya. Aka kawo abinci muka ci, zanena na jingine yana kallon bango kamar yadda aka saba. Da muka wanke hannu na tashi zan juyo shi, sai ya riƙe mini riga.

"Bar shi. Wannan idon na aro ne. Yana nuna mini hanyar masallaci da fuskar jikokina, na gode wa Allah. Amma ban amince masa a kan launi ba, kai ma kada ka amince. Na ɓata maka ɗaya, ya isa."

Na roƙe shi ko tsayuwar ginin ya duba, ya bar launin. Ya ƙi. Ya ce rabin gaskiya ya fi cutarwa, domin zan ɗauka an duba. Ya tambaye ni ko na sami wani mai duba mini, na ce a'a. Ya ce to in riƙa kai zane gaban ginin kamar yadda na yi, bango ba ya jin kunyar kowa. Ban gaya masa cewa an riga an rushe soron madugu ba. Na ɗauki zanena yadda na kawo shi, a ɗaure, na koma tasha.

Na ci gaba da zuwa gaishe shi har Allah ya karɓi abinsa, amma ban ƙara kai zane ba. Na bi shawararsa muddin akwai bangon da za a tambaya. Sai dai kowace shekara suna raguwa, kuma bango yana iya nuna maka launi, ba ya iya ce maka sakarai.

Abin da na koya shi ne wannan. Mutanenmu masu kara ne, ba sa faɗa wa mutum aibin aikinsa a fuska, kuma a zaman gida da na unguwa wannan hali ne mai kyau, na ci moriyarsa. Amma a sana'ar nan yabo hanya ce ta sallamar mutum cikin ladabi. Wanda ya ce ya yi kyau ya wuce abinsa. Wanda ya ce inuwarka ƙarya ce, shi ne ya zauna tare da kai. In kun sami irinsa ku riƙe shi, ku kuma san cewa shi ma mutum ne, idonsa na iya gazawa, kuma ranar da ya gaza ku ne za ku faɗa masa, ko da faɗin zai raba ku.

Zanen soron nan ban gyara shi ba. Shi ne wanda ke rataye a ɗakin malamai, sama da allon sanarwa. A ƙarƙashinsa kuke shan shayi. Shugabanni sun zo sun tafi, sufetoci sun tsaya a gabansa, ku ma kowannenku ranar da ya fara aiki ya ɗaga kai ya ce mini ya yi kyau. Har na bar aiki ba wanda ya taɓa ce mini, "Malam Bitrus, me ya sa farin bangon nan ya yi shuɗi?"

Gobe in kun shiga, wani ya ajiye kofinsa ya tsaya ya dube shi da kyau. In ya ga abin faɗa, gidana ba nisa. Asabar ta ƙarshen wata ba na zuwa ko'ina.